Ƙofar Madam Berthe

"Kai za ka je," in ji Kaftin, ya nuna Ayuba da ƙayar kifi.

Su uku ne a rumfar mai gashin kifi a bakin Binuwai, rana tsaka, zafin Garwa na dafa mutum a tsaye. Kaftin ne shugaba. Bai taɓa shiga soja ba, bindiga ce ta ba shi muƙamin. Junior na gefensa, ƙato mai saurin hannu da jinkirin fahimta. Ayuba kuwa sabon shiga ne. Shekara tara yana walda da haɗa wuta, har ranar da maigidansa ya kore shi a bainar jama'a, ya ce hannunsa bai iya komai ba sai ɓata ƙarfe. Maganar nan ba ta taɓa barin zuciyarsa ba.

"Madam Berthe, mai atamfa ta Yelwa, tana neman wanda zai sa mata kayan tsaro," in ji Kaftin. "Gwal ɗin auren 'yarta na cikin gidan. Ka karɓi aikin, ka bar mana waya ɗaya a kwance. Lahadi tana coci, mu shiga mu fito. C'est fini, shi ke nan."

Ayuba ya tarar da Madam a tsakar gida da takardun kamfanoni biyu a cinya, kanta ya ɗaure.

"Wannan ya ce kyamara, wancan ya ce wayar wuta a kan katanga, ƙanena kuma ya ce kare. Kai me ka ce?"

"Kyamara, Madam, hoton ɓarawo kawai za ta ba ki, ki rataye a falo. Wayar wuta, ana ɗauke wuta ta zama igiyar shanya. Kare kuma tsire ɗaya ya saye shi."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "To ɗana, da gidan mahaifiyarka ne, me za ka sa?"

Nan Ayuba ya manta abin da ya kawo shi. Ya tsuguna ya zana mata a ƙasa: ƙofar ƙarfe biyu a zaure. Wanda ya shiga ta farko bai danna ɓoyayyen maɓalli ba, ta gaba ta ƙi buɗuwa, ta baya ta rufe kanta. Jiniya ta tashi, saƙo ya shiga wayarta. Batir kuma na rana, ko an ɗauke wuta wata guda yana aiki.

Kwana shida ya yi yana aikin, aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya bar wayar a kwance kamar yadda aka umarce shi, amma abin ya tsaya masa a rai. Waya a kwance, a aikinsa? Ya koma ya ɗaure ta, da niyyar zai kwance ranar Asabar. Ranar Asabar ya iske Madam ta tara matan cocinsu tana nuna musu ƙofa.

"Ku duba walda kamar ɗinkin keke. Hannun yaron nan na zinariya ne."

Ayuba ya mayar da sukudireba aljihu, idonsa ya ciko. Ya so ya gaya wa Kaftin, amma Kaftin ba ya son labari, kuma da bindiga yake kwana.

Lahadi, ƙarfe goma na safe. Aka bar Ayuba a bakin layi kan babur, da hular kwano, saboda maƙwabta sun san fuskarsa. Junior ya datse wutar gidan. Kaftin ya sa mabuɗin da Ayuba ya yanko. Suka faɗa zaure.

Ƙaf! Ƙofar baya ta rufe.

"Kaftin, wa ya rufe?"

"Tura ta gaban, dalla."

"Ta ƙi."

Sai jiniya — wiii! wiii! — har kajin unguwa suka watse. Junior ya ja da baya ya doki ƙofa da kafaɗa. Kafaɗar ce ta ba da hanya. Kaftin ya harbi kwaɗon, harsashi ya dawo ya ɗauke masa gefen kunne.

A coci ana tsakiyar waƙa, wayar Madam ta hau ruri a jaka. Ta duba, ta tura wa jandarma, sannan ta ƙarasa baitinta, don ba ta barin waƙa a rabi.

Kafin ta iso, motocin jandarmomi sun cika layi, unguwa ta fito kallo. Ayuba na nan kan babur, inji na aiki, hanyar Ngawundere a buɗe. Ba wanda ya kalle shi. Hankali ya ce masa tafi, ƙafa ta ce bari mu ga yadda ƙofar ta riƙe.

Shugaban jandarmomin ya shafa waldar, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya gyaɗa kai.

"Wannan aikin 'yan Duwala ne. A Garwa babu mai hannun nan."

Wani Arnaud, wanda Madam ta ƙi kyamarorinsa, ya kutso yana gyara kwala. "Chef, yaranmu ne suka yi."

Ayuba ya kashe babur. Ya cire hular kwano.

"Ƙarya yake, chef. Tambaye shi inda maɓallin yake. Ni na yi ta, ni kaɗai, kwana shida."

Daga cikin zaure muryar Kaftin ta fito ta ƙasan ƙofa: "Ayuba! Maci amana! Ina wayar da ka ce ka kwance mana?"

Chef ya dubi ƙofa, ya dubi Ayuba, ya ciro ankwa a hankali kamar ba ya so.

"Aiki dai ya yi kyau," in ji shi.

Kaftin ya samu shekara goma sha biyar da rabin kunne, Junior goma da karyayyar kafaɗa, Ayuba biyar. Madam ta aurar da 'yarta da gwal ɗinta cif. Ta yi kuka a kotu, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ɓarawon da ya tsare mata gida haka ba.

Ɗaki ɗaya aka zuba su a kurkuku. Wata huɗu Kaftin yana gogar patar ƙofar, ƙarfen da take juyawa a kai, da guntun cokali a ɓoye, har ta fara lilo. Wata safiya gandiroba ya leƙo.

"Ina mai waldar nan? An ce ka iya aiki. Ƙofar nan tana girgiza."

Kaftin ya zaro ido, yana girgiza wa Ayuba kai. Ayuba ya dubi Kaftin. Ya dubi patar, ya ga yadda aka ci mutuncin ƙarfe. Ya yi ajiyar zuciya, ya naɗe hannun riga.

"Kawo injin," in ji shi.