Rubutun Kan Teburin Umma

Ina da shekara goma sha biyu Umma ta rasu. Ta bar ni da Baba da ƙanena Auta. Ta bar keken ɗinki da wani tsohon tebur.

Goggo ce ta ɗauki keken. Teburin kuwa ya zauna a ɗakinmu, kusa da taga. Ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, sai an cusa mata kwali. Samansa duk rubutun biro ne.

Umma ba ta ajiye littafin awo. In ta auna mutum, a kan teburin take rubutawa. Kafaɗa kaza, hannu kaza, tsawo kaza. Baba yakan ce mata, "Ranar da teburin nan ya cika, sai ki koma bango."

Ita kuma ta ce, "Takarda tana ɓata. Ka taɓa jin tebur ya ɓata?"

Wata biyar da rasuwarta, Baba ya dawo daga aiki da leda a hannu. A ciki akwai gwangwanin fenti, da buroshi, da ɗan gwangwanin kakin shafa wa katako.

"Fentin alli ne," in ji shi. "Mai shagon ya ce ba sai an goge katako da sanfefa ba. Shafawa kawai ake yi. In ya bushe, a bi shi da kaki, shi ke nan ya zauna daram."

"Me za mu shafa wa, Baba?"

"Teburin Ummanku, ki riƙa karatu a kai. Amma ki jira ni, Uwata. Ranar Asabar ba ni da aiki. Akwai abin da zan nuna miki tukuna."

Na ce to.

Ranar Laraba aka tashe mu da wuri daga makaranta. Auta yana wasa a maƙwabta. Na ce bari in buɗe gwangwanin in ga launin kawai. Shuɗi ne mai haske.

Na gwada a ƙafa ɗaya. Kafin in wanke hannu har ya bushe. Na shafa wa sauran ukun. Daga nan sai saman ya yi mini muni a ido. Rubutun ya zama kamar datti.

Na shafe shi. Biron ya ɗan leƙo ta ƙarƙashin fentin, na ƙara shafi na biyu. Da ya bushe, na lakato kaki da tsumma. Na fara murzawa daga kusurwar da ke wajen taga. Ina ta tunanin yadda Baba zai yaba mini.

Sai ga Auta ya shigo. Shekararsa biyar a lokacin, bai iya karatu ba. Ya ɗora yatsa a gefen teburin yana lalube.

"Yaya, ina lambata?"

"Wace lamba?"

"Wadda Umma ta rubuta. Ta ce tsawona ne. A nan take."

Ashe kullum da safe sai ya taɓa wurin. Ban taɓa lura ba. Ya zauna a ƙasa ya sa kuka. Na ba shi buroshin ya yi wasa, ya jefar.

A haka Baba ya same mu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon teburin. Bai ɗaga murya ba.

"Kin iya shafi," in ji shi. "Amma saman nan na so mu bari. Abin da zan nuna miki ke nan. Ba mu da wasiƙarta, ba mu da littafinta. Duk rubutunta da ya rage mana, shi ne kika rufe."

Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

A ƙarshen layinmu akwai wani tsohon kafinta. Kawu muke ce masa. Na ruga shagonsa ko takalmi ban sa ba. Ya biyo ni, da fensir a bayan kunne. Ya jiƙa babban yatsansa, ya murza tsakiyar teburin. Yatsan ya fito shuɗi.

"Kin sa kaki?"

"Nan kawai, Kawu. Wajen taga."

"To, gode wa ɗan rigimar nan da ya katse ki. Da kin cika ƙwazo, da kin gama da mu."

Ya ce kafin a sa kaki, fentin nan ɗan'uwan allin makaranta ne. Ruwa yana ɗaga shi.

"Tsumma mai laushi, ruwa kaɗan. Ban da dirza. Kamar kina wanke fuskar jariri."

Baba ya miƙa hannu zai ɗauki tsumma. Kawu ya riƙe shi.

"A'a, maigida. Hannun da ya shafa, shi zai goge."

Shafin bai kai awa biyu ba. Gogewar ta ci mini kwana uku. In na dawo daga makaranta, sai in ɗebo ruwa a kwano in zauna. Yatsuna suka yi tsami. Auta yana tsaye a kaina kamar mai gadi.

"Yaya, a hankali. Kawu ya ce jariri ne."

Kaɗan kaɗan lambobin suka fara fitowa. A rana ta biyu, tasa ta fito. Ya ɗora yatsa a kai, ya ce, "Ga ta." Sai ya fita wasa abinsa.

Kusurwar da na sa wa kaki ce ta ƙi. Ruwa bai kama ta ba. Kawu ya gwada da sanfefa mai laushi, amma fentin ya tafi da rubutun. Katako ya fito fes, babu komai.

A nan Umma ta rubuta awona na ƙarshe. Wannan bai dawo ba.

Ranar Asabar muka ƙarasa aikin tare. Ƙafafun muka bar su shuɗaye. Kawu ya buga wa gajeriyar ƙafar ɗan katako, muka yar da kwalin. Kafin mu shafa wa saman kaki, Baba ya jawo aljihun teburin. Ya ɗauko tef ɗin awon Umma.

"Miƙe, Uwata."

Ya auna kafaɗata da hannuna da tsawona. Ya ba ni biro, ya nuna mini kusurwar nan.

"Rubuta. Wurinki ne."

Na rubuta. Auta ya leƙo ya ce, "Na Umma ya fi kyau. Naki kamar kaza ta yi tono."

Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun rasuwar ban ji dariyarsa ba sai ranar.

Teburin yana nan har yau. A kansa na yi ɗan karatun da na samu, a kansa kuma nake yanka yadi. Tun daga lokacin, in babba ya ce mini in jira, jira nake yi. In kuma na ga tsohon abu, ba na gyara shi sai na tambayi masu shi. Abin da ka ɗauka datti ne, wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani.