Hajiyar Hawa na Sha Tara

Ku matso, ku rage murya.

In Sallau Ɗan-gayu na kuka da duniya, sai ka rantse tun da aka kafa Kaduna ba a zalunci bawan Allah kamarsa ba. Wai kamar shi, hula a karkace, turare kamar ango, a ce da ƙafa yake hawa bene ashirin, yana haki gaban 'yan mata!

Shi ke tuƙa lif a dogon benen gilashin nan na tsakiyar gari. Wata Juma'a, rana tsaka, kowa ya tafi masallaci. Shi ya tsaya gyaran gashin baki a madubin lif.

Lif ya tashi da kansa.

Sha biyar. Sha bakwai. Sha tara, hawan da ofisoshinsa suka shekara uku a rufe.

Ƙofa ta buɗe. Wata mata ta shigo, lulluɓe har ƙasa. Sanyi ya biyo ta. Takunta ƙwas, ƙwas.

"Hawa na nawa, Hajiya?"

"Ƙasa."

Ba daga bakinta muryar ta fito ba. Daga bayan kunnensa.

Ya saci kallon madubi. Shi kaɗai ne, da hularsa.

Uku. Biyu. Ɗaya. Lif bai tsaya ba. Benen nan kuwa ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Sallau ya lalubi addu'a, ta cin abinci kawai ta zo.

"Sallau," in ji ta. "Ka ce ina da kofato. Ga su. Ka ce ina cin mutum." Ta matso. "Tun ran da ka faɗi haka yunwa nake ji."

"Hajiya, ki dubi Allah, baki ne kawai!"

"Me kuma ka ce?"

Sallau ya ja da baya har ya jingina da madubi.

"Na... na ce ba kya tsayawa in an tayar da salla."

"Yaushe ka ce?"

"Yanzun nan!"

Can nesa, siririyar muryar ladan ta ratso. Lif ya girgiza. Ƙofa ta buɗe a bakin titi. Ba kowa sai shi, hula a ƙasa.

Tun ranar da ƙafa yake hawa in ba abokin tafiya, har yau kuma yana gargaɗin masu shara, kada wanda ya shiga lif ɗin nan shi kaɗai. In sun matsa masa da tambayar inda matar ta fito, sai ya sosa ƙeya.

"To, ni na ƙago ta. Kafet ɗin hawan nan da laushi, so nake ku bar ni in yi barcin rana. Ina na san za ta amsa?"