Gawar da Aka Yi wa Sutura a Bakin Tasha

Da hantsi aka kira Sufeto Zulkifli: an tsinci gawa a bayan masallacin tashar Birnin Kudu.

Garin a tsaye yake tun da aka kafa sabuwar dokar nan. Duk ɗan gudun hijirar da ba shi da rajista, mota za a sa shi a mayar da shi gabas, wanda ya sauke shi kuma a tsare shi. Kowa ya zama bai san kowa ba.

Sufeto ya durƙusa. An wanke mamacin, an sa shi a likkafani sabo, an fuskantar da shi alƙibla. Babu rauni a jikinsa, sai ramar ciwo.

"Mai kisa ba ya wannan wahalar," in ji shi.

Ya nufi shagon Alhaji Abu mai yadi.

"Wa ya sayi farin yadi jiya?"

"Wallahi babu kowa, ranka ya daɗe."

"To wannan sabon yankan fa, ɓera ne?"

Alhaji ya share gumi. "Malam Hambali ne, na Farin Dutse."

A Farin Dutse babu wanda ya ji an yi rasuwa. Hambali, manomi mai furfura, ya tarye Sufeto da kofur ɗinsa a zaure, ya ce yadin na rawani ne. Sai ga wata mata ta gifta da buta, babu kwalli, babu ɗan kunne, idanunta sun kumbura.

"Wace ce ke takaba a gidan da ba a mutu ba?"

Hambali ya zauna daɓas.

"Khuzaima ce, matar mamacin. Mota ta zubar da su a hanya, yana tari, na sauke su. Na ji tsoron asibiti, kada a tambayi rajista, har ya cika a ɗakina. In na kira jana'iza, ita za a kwashe a mayar inda aka ƙone garinsu. Na kai shi inda Musulmi za su sallace shi. Ni na hana shi magani, ranka ya daɗe."

Sufeto ya sa aka shigar da tsohon cikin mota.

"Matar fa, yallaɓai?" in ji kofur.

Sufeto ya ja ƙofar motar.

"Mutum ɗaya muka zo ɗauka."