Madaɓin Iya Mero

A Kiyako, cikin ƙasar Birnin Kudu, akwai wata yarinya 'yar aji uku. A lokacin, siminti bai kai ƙauye sosai ba. In an gina ɗaki, mata ke taruwa su daɓe ƙasarsa.

Kakar yarinyar, Iya Mero, ta haura shekara saba'in. Haƙoranta huɗu suka rage, amma har bakin rijiya ana jin dariyarta. Duk gidan da za a yi daɓe, ita ake fara kira. Ita ke ba da waƙa, mata na amshi. Ita ta san yawan ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, da za a yayyafa don kada daɓe ya tsage.

Wata rana Malam Hambali ya ce wa 'yan aji su riƙa hutar da tsofaffi. Yarinya ta riƙe maganar da hannu biyu. Kashegari kuwa za a yi daɓen ɗakin Kubra, maƙwabciyarsu. Sai ta ɗauke madaɓin Iya, ta cusa shi ƙarƙashin rumbu. A ganinta ta yi aikin lada.

Da safe Iya ta birkice ɗaki kaf, babu madaɓi. Aka kawo mata na aro, ya yi wa hannunta nauyi. Ta ajiye, ta zauna a bakin ƙofa. Kokonta ya huce ba ta taɓa ba.

Daga gidan Kubra ana jin bugu, kowa da nasa, ba waƙa.

Yarinya ta tambayi mahaifiyarta, "Inna, me ya sami Iya?"

"Marigayi kakanki ne ya sassaƙa mata madaɓin nan daidai hannunta," in ji Inna. "Tun rasuwarsa ban ga ta yi shiru haka ba."

Yarinya ta tashi da sauri. Ta rarrafa ƙarƙashin rumbu, ta fito da yanar gizo-gizo a kai da madaɓi a hannu. Ta durƙusa tana kuka.

"Iya, ki yafe mini. Ni na ɓoye. So nake ki huta."

Iya ta dube ta, ta dubi yanar, sai ta fashe da dariya.

"Ƙawata, na ce miki na gaji? Ranar da na gaji zan faɗa da bakina. Tashi, tukunyar makuba yau a kanki take."

Suna shiga gidan Kubra, mata suka rangaɗa guɗa. Iya ta duba ƙasa, ta ce a ƙara makuba a kusurwa. Ta durƙusa ta ɗauko waƙa, madaɓai suka hau bugu ɗaya. Kafin azahar ɗaki ya yi sumul. Wuyan yarinya ya sha tukunya, amma ranta fari fes.

Da ta ba Malam labari, ya yi murmushi. Ya ce taimakon tsoho shi ne a ɗauke masa abin da ya yi masa nauyi, ba a raba shi da abin da yake so ba.

Da yamma yarinya ta ce, "Iya, in na tsufa irinki zan zama."

"To, ai ba sai kin tsufa ba," in ji Iya. "Ranar Asabar akwai daɓe a Wurno. Ke za ki riƙe mini amshi."

Tun daga ranar, kafin ta hutar da babba, sai ta fara tambayarsa. Ta gane cewa tsohon da ke aikinsa cikin farin ciki abin koyi ne.