Abin da Yaro Ya Faɗa a Sansani

Ranar da aka buɗe sansanin hutu a wata makarantar sakandare ta Sabon Birni, yara na hango motar 'yan sanda suka fara tsallake taga. Sadiƙa Jibrilla, malamar kimiyya da ƙungiyar iyaye ta ɗora wa kula da su, ta tsaya bakin ƙofa tana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Iyayen ne suka shirya abin: a dogon hutun damina, 'yan ƙaramar sakandare su wuni da 'yan sanda, a buga ƙwallo, a ci abinci tare, a yi musu bayanin ƙwaya da sholisho tun kafin wani ya yi musu a bayan tasha.

Kofur ɗin da ya fara saukowa dogo ne, gumi ya jiƙa masa kaki.

"Malama, haka sunka saba tarbon baƙi?"

"Haka kunka saba musu. Cire hular, ka zauna ƙasa."

Ya dube ta, ta dube shi. Ya cire hular.

Sunansa Nasiruddeen, Bayarabe haifaffen garin Isa. Kashegari ya zo da rigar ƙwallo, ya kafa doka ɗaya a gaban yaran: duk abin da yaro ya faɗa a sansani, a nan zai tsaya. Ba a kai shi ofis, ba a kai shi gida. Daga ranar bakinsu ya buɗe. Har ƙanen Sadiƙa, Talha, wanda ya daɗe da daina hira a gida, ta hango shi gindin darbejiya shi da kofur, sun jima suna magana.

Da yamma saƙo ya shigo mata.

"Malamata, yau ma na cire hula. Saura mi?"

"Saura ka koyi ƙwallo. 'Yan aji ɗaya na yi maka dariya."

"Su yi. In dai kina cikin masu kallo."

Ta kife wayar. Ta sake ɗauka.

Da magana ta yi nisa, ya je gaida mahaifinta. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa na gado. Bagobiri ba ya haɗuwa da Bayarabe ya ƙyale shi bai tsokane shi ba. Amma Malam Jibrilla, mai zanen Gobir a fuska, tabarma ya shimfiɗa masa, ya ce masa "ofisa", ya sa aka kawo ruwa, ya raka shi har bakin hanya. Ko kalmar tsokana ɗaya bai yi ba. Sadiƙa na bayan zaure, ta san amsar ke nan: bai karɓe shi ba.

Ana haka wasu jami'ai daga wajen gari suka dira shagon maganin Wada, ɗan ƙanwar babanta, wanda ya daɗe yana neman aurenta. Suka kwashe katan-katan na tiramol. Da aka ba da belinsa, Wada ya bi majalisa-majalisa yana cewa sansanin tarko ne, ana ba yara shinkafa ana tatsar bakinsu. A garin da sunan infoma ke iya jawo wa mutum 'yan bindiga har gona, maganar ba ta buƙaci shaida ba. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Malam Jibrilla ya hana Talha fita, ya ce kada ya ƙara jin sunan ɗan sandan a gidansa.

Sadiƙa ta rubuta wa Nasiruddeen: "Hwaɗa min gaskiya. Daga bakin yara ne?"

"Wallahi a'a, Bagobirata. Amma ba ni da shaida sai maganata."

Ta ajiye wayar. Kullum tana zuwa makarantar ta tarar da benci ya fi yara yawa, ta koma gida ta kasa zama wuri ɗaya. Ta yarda da shi da safe, ta yi shakka da yamma.

Sai Inno, mahaifiyarta, ta tsinci ɓawon ƙwaya a aljihun Talha wajen wanki. Malam Jibrilla ya tambayi yaron, ya yi masa faɗa, ya lallashe shi, bai samu komai ba. Bayan la'asar ya aika a kira Nasiruddeen. Sadiƙa da Inno suka laɓe bayan ƙofar zaure.

"Ofisa, an ce ɗana ya yi hira da kai. Wa ka ba shi ƙwayar nan? Hwaɗa min, ni kuma in ba ka Sadiƙa. Magana ɗaya gare ni."

Sadiƙa ta riƙe hannun Inno.

"Baba, ba ni iyawa."

"Ubanai nike."

"Na sani. Amma in na hwaɗa maka yau, abin da Wada ka hwaɗi cikin gari ya zan gaskiya. Ka bar shi ya dawo sansani. Ya hwara ƙoƙarin bari da kainai, iyakar abin da za ni ce ke nan. Sauran, shi za ya gaya maka, in ya ga ba duka za ya sha ba."

"Ko da za ka rasa ta?"



"Ko da za ni rasa ta. Amma ba ni so."

Inno ta fara motsa baki da addu'a. Can suka ji Malam Jibrilla ya ja tsaki.

"Kai, Bayarabe! Bawa ne ka musu da ubangidanai? Tashi daga tabarmata, ka zauna ƙasa inda kakanninka sunka saba."

"Baba, ai tun zuwan hwarko nika jiran ka tuna wa ad da wani. Mu munka yi renon Gobirawa."

"Ji ɗan banza! Manja ya toshe maka kai."

Inno ta saki dariya, ta rufe baki da mayafi. Sadiƙa ta zauna a ƙasa.

Da safe Malam Jibrilla ya ɗora Talha a babur, ya bi ta tsakiyar kasuwa har makarantar, ya zauna kan benci inda duk mai wucewa zai gan shi. Yara suka fara dawowa. Ba duka ba. Wada bai daina magana ba, kuma wasu gidajen ba su sake yarda ba.

An ɗaura auren bayan an yi girbin gero. Da za a kai amarya, Inno ta dafa kanta.

"Aikinai na da hatsari, ke ma kin sani. Allah ya fid da shi lahiya, ya maido miki shi lahiya. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka."

Matan suka amsa da amin, sannan aka buɗe mata ƙofar mota.