Albashin Uzairu

Mubaraka na tankaɗe a tsakar gidansu a Kiru ta ji mahaifinta, Malam Balarabe, yana ce wa Inna, "Wata biyar da sa rana, ko akwati ɗaya Uzairu bai kawo ba. Kullum yana wurin aiki, to ina kuɗin ke tafiya? Zan mayar musu da kayansu."

Ta ajiye rariya ta durƙusa gabansa, hawaye na zuba.

"Baba, don Allah ka je ka gani da idonka tukuna."

Ita ma abin na ɗaure mata kai. Uzairu ba ya shaye-shaye, ba ya zaman majalisa, amma tun shigowar korona sai ramewa yake.

Washegari Malam Balarabe ya hau acaɓa har kamfanin casar shinkafar da ke bayan Kwanar Dangora, inda Uzairu ke aiki. Ofis a kulle, leburori kaɗai ke kai-kawo. Can ya hango Uzairu, mai difloma guda, da buhu a ka, takunkuminsa ya jiƙe da gumi.

Ya tambayi maigadi, "Ina masu ofis?"

"Suna gida, Malam. Su manya ne, albashinsu na shiga cif. Mu 'yan kwantiragi an raba namu biyu, ranar da ciwo ya kwantar da kai kuma babu ko sisi."

"Me ya hana ku bari?"

"Mu je ina? Kasuwanni ma a rufe suke."

Uzairu ya sauke buhun ya zo ya tsugunna.

Malam Balarabe ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Kunya, Baba. Ɗan abin da na samu hatsi nake saya wa mahaifiyata. Na ji tsoron a ce ban isa riƙe Mubaraka ba."

Dattijon ya daɗe yana kallon kantar da buhu ya yi masa a wuya.

Da ya dawo gida ya kira 'yarsa. "Na zalunci yaron nan da zato. Lefe ya biyo baya in Allah ya buɗa."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, mutum ashirin kacal a ƙofar gida saboda korona. Mubaraka ta tare a gidan mijinta da dariya, ta ci ribar haƙurinta.

Ba kowane talauci ne lalaci ya kawo ba. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, je ka ga inda guminsa ke zuba.