Wadda Ba Ta da Bajo

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe shida da minti goma na yamma, Mai Duba ya sauka daga motar haya a gaban reshe na tara, da jakar takardu a hammata. Laraba ake sa ran zuwansa. Ya zo Talata ne don washegari zai kai matarsa asibitin ido, bai kuma gaya wa kowa ba. Shekararsa goma sha tara a wannan aiki, bai taɓa shiga reshe ba tare da an san da zuwansa ba sai ranar.

Aikin ba wuya. Kamfanin yana ba da hayar sunansa da jar hularsa da sirrin soya kazarsa ga duk mai ƙarfin buɗe reshe. Sau huɗu a shekara Mai Duba zai zo ya auna sanyi, ya duba mai, ya ƙirga ma'aikata masu bajo, wato katin shaida, a ƙirji, ya sa hannu, mai reshe ya ci gaba da cinikinsa. Abin da ake biyan mutanen, da awa nawa suke yi a tsaye, babu gurbinsa a takardar. A hedkwata sun sha gaya masa cewa waɗannan mutanen mai reshe ne, ba na kamfani ba. Shi ma hakan ya fi masa sauƙi, ga shi saura wata biyar ya yi ritaya da cikakken fansho.

Manaja ta fito tana yaƙe. Ta gaishe shi sau biyu, ta tambayi jikin uwargida, ta ce ya zauna a kawo masa shayi tukuna. Ya lura hannunta ɗaya yana bayanta, yana yi wa wani alama. Sai ya wuce ta ya shiga kicin.

Zafi ya doke shi, da ƙaurin tsohon mai. Takarda ta ce mutum shida, shi kuwa ya ƙirga goma. Manaja ta ce ukun nan marasa bajo 'yan uwan ma'aikata ne, gaisuwa suka shigo. Dogo mai suya ya ce, ba tare da ya ɗago kai daga kasko ba, ai shekara uku ke nan ba a gama gaisuwar ba. Ba wanda ya yi dariya.

"Huɗu na gani," in ji Mai Duba. "Waccan mai yanka albasa fa?"

Can ƙurya, kusa da ƙofar ɗakin sanyi, ya ga wata mace ta juya baya, sanye da rigar sanyi mai kauri cikin wannan zafi. Da ya nuna wurin, sai katako da wuƙa kawai, da albasa yankakkiya tana ruwa.

Ba wanda ya waiwaya. Abin da ya fi ba shi zargi ke nan.

Sai aka ƙwanƙwasa daga cikin ɗakin sanyi, sau uku, a hankali. Yarinyar da ke naɗe abinci ta miƙa hannu ta ƙara muryar rediyo. Manaja ta ce injin ne, haka yake yi, ta fita waje da waya a kunne tana neman mai reshe.

Mai Duba ya tabbata akwai abin da suke ɓoyewa a ciki, ko ruɓaɓɓen nama ko wasu masu gaisuwa. Ya ciro ma'aunin sanyi. Baba mai wanke-wanke ya tokare ƙofar da bokiti don kada ta rufe, ya raɗa masa cewa kada ya daɗe, sannan aka kira shi ya fitar da shara.

Ciki akwai kwalayen kaji har rufi, da ƙwan lantarki ɗaya. Ba kowa. Ya tsuguna yana karanta ma'auni, sai ya ji bokitin yana ja a kan siminti.

Ƙofar ta rufe, wuta ta ɗauke.

Ya lalubi mariƙin ciki. Babu. Ramuka biyu kawai yatsunsa suka samu, inda kusoshi suka fita. Ya san ramukan nan. A watan Disamba ya gan su, mai reshe ya ce gobe za a gyara, shi kuma ya rubuta cewa ƙofa lafiya. Daga nan aka kafa masa tebur a kicin, daidai gaban wannan ƙofa, suka ci kaza suka yi hira awa biyu. Ranar ma ya ji ƙwanƙwasa. Ranar ma an ce injin ne.

Wani ya yi tari a bayansa.

Warin albasa ya taso, da na man zafi irin wanda ake shafa wa ƙirji.

"Yallaɓai," in ji muryar mace, ƙasa ƙasa, cikin ladabi. "Ka gama cin abincin? An ce kada in yi motsi sai ka tafi."

Ya doki ƙofar sau uku da iyakar ƙarfinsa. Ya kasa kunne.

A waje aka ƙara muryar rediyo.

Wani hannu ya kama nasa na dama, ya riƙe yatsun da yake kama biro da su. Sanyin ya huda har ƙashi.

"Mutum nawa ka ƙirga, Yallaɓai?"

"Shida," ya ce, haƙoransa na haɗuwa.

Riƙon ya ƙara tsanani. Numfashi ya fara yi masa wuya, kamar an ɗora masa kwali a ƙirji.

"Goma," ya ce. "Har da ke, goma."

Ƙofar ta buɗe. Ya faɗo waje a kan gwiwoyinsa, ba kowa kusa da ita. Agogonsa ya nuna minti goma sha ɗaya ya yi a ciki.

A bayan shago, wajen shara, Baba ya ba shi sauran labarin. Duk rassa sun san tsarin Mai Duba: ɗakin sanyi farko, sannan sito, sannan banɗaki. Saboda haka marasa bajo sukan bi bayansa, su ɓuya a inda ya riga ya duba. A watan Disamba Maman Biyu mai yanka albasa, marar bajo, mai ciwon ƙirji, ita aka tura ɗakin sanyi. Ba wanda ya isa ya buɗe mata alhali baƙo yana zaune gaban ƙofar. Kwana biyu ta yi a asibiti ta cika. Mai reshe ya ce bai san ta ba, kamfani ya ce ba ta cikin takarda, albashinta na watan ma bai kai ga 'ya'yanta ba.

Baba ya ce matattu ba sa dawowa. A ganinsa akwai wani mai zama a wurin, ba mutum ba, tun kafin a gina shagon, shi ya zauna da ita awa biyun nan, ya riƙe muryarta.

Mai Duba bai sa hannu ba. Ya rubuta rahoto shafi huɗu da hannun hagu, domin yatsun nan uku ba su sake jin komai ba. Ya sa laifinsa a shafin farko. Hedkwata ta amsa da layi uku, ta sallame shi wata biyar kafin lokaci, aka aiko wani ya sa hannu. An dai sa sabon mariƙi a ƙofar.

Waɗanda suka rage a reshe na tara bayan haka su ne: mai reshe, Manaja, masu bajo biyar, tun da an kori Dogo saboda bakinsa, masu gaisuwa uku, Baba da bokitinsa, shi ma cikin ukun yake, sai mai yanka albasa, wadda har yau ba ta cikin takardar kowa sai ta tsoho ɗaya da aka sallama.